Shagon Baba Ya Zama Ofis

Ranar da aka fitar da keken ɗinki daga shago, Baba Tela yana zaune a kan benci a bakin ƙofa, hannunsa na hagu kwance a cinya kamar na aro. Bai daɗe da dawowa daga asibiti ba. Ciwon ya taɓa masa ɓarin jiki, amma bai cinye shi duka ba. Da sanda yana iya takawa daga gado zuwa bakin titi, kuma duk da bakin ya ɗan karkace, wanda ya saba da shi yana gane maganarsa. Likitan motsa jiki ya ce bayan ƙwayoyi, maganinsa biyu ne: ya riƙa tafiya kullum, ya kuma riƙa zama cikin mutane ana hira da shi.

Babban ɗansa ne ke ba masu ɗaukar kaya umarni. Unguwa duka Sakatare take ce masa, don shi ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwa, har sunansa na yanka ya kusa ɓacewa.

"Ina za a kai min keke?" in ji Baba.

"Cikin gida, Baba. Ai jiya na yi maka bayani. Masu tallafa mana sun ce ba za su yi aiki da ƙungiyar da ba ta da ofis ba. Na ɗan lokaci ne, kafin mu sami wuri. Kai kuma ɗinkin me za ka yi da hannu ɗaya? Hutu ya kamace ka."

Baba ya so ya ce ba ɗinkin ne damuwarsa ba. Kalmomin suka cushe masa a baki, kafin ya warware su Sakatare ya juya yana nuna wa mai fenti bango. Ɗan ɗakin da ke manne da shagon, inda Baba yake kwana tun rasuwar matarsa, shi ma ofis ya haɗiye shi, wai can za a tara kujerun taro. Kafin rana ta faɗi an kai gadonsa ɗakin da ke can ƙuryar gida, bayan tankin ruwa.

Ɗakin ba shi da laifi a ido. Akwai siminti, akwai fanka, an ma sa sabon labule. Sai dai tagarsa ƙarama ce, can sama, kuma katangar maƙwabta take kallo. Daga ƙofarsa zuwa tsakar gida akwai tudu guda mai tsayi, daga tsakar gida zuwa titi sai an bi lungun da ya ratsa ta gefen ofis. An ajiye keken ɗinkin a kusurwa aka rufe shi da tsohon zani, daga baya aka ɗora masa buhunan da ba a san inda za a kai su ba.

Da farko Baba bai karaya ba. Da safe yakan dogara sandarsa ya sauko tudun, ya zagaya tsakar gida, ya zauna kusa da igiyar shanya yana kallon jikokinsa suna shirin makaranta. Ranar da babu taro har bakin titi yake kaiwa. Sai wata safiya ƙafarsa ta zame a kan ruwan da ke ɗiga daga tanki, ya faɗi ya fasa gira. Aka ɗaure ciwon, aka kwantar da shi. Da ya farka ya laluba gefen gado, babu sanda.

"Ni na ɗauke," in ji Sakatare. "Sandar nan ce ke ruɗarka kana ganin ka warke. Yau gira ce, gobe ƙugu ne. In ka karye mutane ni za su zaga."

"Likita ya ce in yi tafiya."

"Likita ba ya gidan nan, Baba. In na sami sarari ni da kaina zan riƙa riƙe ka muna zagayawa."

Sararin bai samu ba. Sakatare mutum ne mai hidimar jama'a, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Shi ya yi ta sintiri har aka gyara famfon unguwa, shi ya tara matasa suka yashe magudanar ruwa, shi ke rubuta wa zawarawa takardar neman tallafi. Da safe yakan leƙo da waya a kunne, ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" Kafin amsa ta gama fitowa ya kai lungu. Tankin kuwa bai daina ɗiga ba.

Nauyin ya koma kan matar Sakatare. Ita ke kawo shayi da burodi, ita ke kawo abincin rana, ita ke fitar da fo ɗin da yake biyan buƙata a ciki. Ba muguwa ba ce. Gajiya ce ta cinye mata fara'a. Ga yara, ga wanki, ga girkin baƙin ofis da ba sa yankewa. Takan ajiye kwano a kan kujera ta juya.

"'Yata, zauna mana kaɗan."

"Baba, tukunya na bari a wuta. Yau mutum nawa za su ci a taron nan, ni kaɗai ce. Yi haƙuri, zan dawo."

In ta dawo, kwanon take zuwa ɗauka. Yaran ma an hana su shiga, wai kada su dame shi da surutu.

Abokin Baba, Mai Agogo, wanda teburinsa na gyaran agogo ya yi shekara da shekaru a gefen shagon, bai daina zuwa ba. Sai dai yanzu mai son ganin Baba sai ya bi ta gaban ofis, ofis kuma kullum da abin da ake yi.

"Yana barci," in ji Sakatare.

"Jiya ma haka ka ce. Mutumin da tun muna samari ban taɓa ganin ya yi barcin rana ba?"

"Magani ne ke sa shi, Baba Mai Agogo. Kuma ka ga muna da baƙi, ba daɗi ana ratsawa. Ka bari sai ranar hutu."

Ranar hutu kuma ita ce ranar babban taro.

Bangon gidan ba shi da kauri. Daga gadonsa Baba yana jin muryar ɗansa in ta ɗaga. Ya haddace kalmomin ba tare da ya so ba: a jawo jama'a a jiki, a saurari masu rauni, kada a yanke wa kowa shawara ba da shi ba. Sai tafi ya biyo baya. Wani lokaci har murmushi yake yi, don yaron ya iya magana, shi ya biya masa kuɗin makaranta da ɗinkin riguna har ya iya ta. Sai murmushin ya tsaya a ɓarin bakin da ke motsi, ya rasa wanda zai nuna wa.

Wata rana da hantsi ya jiyo tarin Mai Agogo daga waje, tarin nan mai kama da tsohuwar mota tana neman tashi. Ya san an sake korarsa. Ya dafa gado ya miƙe, ya dafa bango, ya zauna ya sauko tudun da gindi. Matar Sakatare tana kicin. Ya ja jiki ya bi lungu, yana hutawa yana ci gaba, gumi na zuba. Kafin ya kai ƙarshen lungun Mai Agogo ya tafi. Ƙofar da ya samu a buɗe ita ce ta ofis, sai ya dafa ta ya tsaya.

Baƙi ne cike, masu tallafin da kansu, da ruwan roba a gabansu. Kowa ya juyo. Rigar Baba ta kwana biyu a jikinsa, yawu ya jiƙa masa gaba, wahalar hanya kuma ta sa fitsari ya kufce masa. Ya dubi inda teburin yankansa yake a da, ya ga allo mai rubutu. Wata baƙuwa ta miƙe ta gaishe shi da ladabi.

"Mahaifina ne," in ji Sakatare, ya riga ya kama shi ta kafaɗa. "Ku yi haƙuri. Tun da ciwon ya same shi kansa ya ɗan taɓu, ba ya sanin inda yake."

Baba ya ji. Kunnensa ba abin da ya same shi. Ya buɗe baki, amma aka ɗaga shi cak aka mai da shi ciki.

Washegari kafinta ya zo ya kafa sakata a ƙofar ɗakin, ta waje.

"Don lafiyarka ne, Baba," in ji Sakatare. Idonsa yana kan kafinta, ba kan mahaifinsa ba. "Da titi ka fita mota ta kwashe ka fa? Ba kulle ka aka yi ba. Ka buga kawai, za a buɗe."

Ya buga a kwanakin farko. Wani lokaci a buɗe, wani lokaci janareta na ruri ba mai ji. Daga baya ya daina.

Labari ya fita, don kafinta ba shi da sirri. Mai Agogo ya ce a majalisarsu, "Da Sakatare muka sani, yanzu ya samu ƙarin girma, ya zama mai sakata." Aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Wani ya ce sha'anin gidan mutum ba a shiga. Wani ya ce ai yaron yana ƙoƙari, wasu 'ya'yan ko abinci ba sa bayarwa. Aka koma hirar tsadar kaya.

Autar Baba tana aure a wani gari mai nisa. In ta kira, Sakatare ne ke riƙe wayar, ya kara ta a kunnen tsohon.

"Baba, ya jiki? Yaya ya ce kana samun sauƙi."

"Da sauƙi," in ji Baba, da ƙyar.

"Kin ji ko? Maganar ce dai har yanzu. Bari in bar shi ya huta."

Maganar kuwa da gaske ta fara gudu. Harshen da ba a amfani da shi nauyi yake yi. Ƙafar hagu ta fara lanƙwashewa, ta dama ta kumbura. Bayansa ya fara yin gyambo inda ƙashi ke gogar katifa. Matar Sakatare ta gaya wa mijinta, ya sayo man shafawa mai tsada, ya ce a riƙa juya shi. Ta ce ita kaɗai ba ta iya juya namiji, ga kunya. Ya ce zai nemo wanda zai riƙa zuwa. Bai nemo ba.

Ana cikin haka masu bincike suka zo daga wata jami'a. Suna nazarin yadda tsofaffi ke rayuwa a unguwanni, da abin da hukuma da ƙungiyoyi za su iya yi musu. Suka ce sai ta hannun ƙungiyar unguwa za su shiga, don ita ta san mutane. Sakatare ya tara musu dattawa a ofis, aka jera kujeru, aka raba lemo. Tare da su akwai wata ma'aikaciyar walwalar jama'a, mace mai matsakaicin shekaru, takalminta ya sha ƙura, kowa Malama yake ce mata. Ita ke yin tambayoyin.

"Mene ne ya fi damun tsoho a unguwar nan?"

Wani ya ce magani, wani ya ce ciwon gwiwa, wani ya ce yaran yanzu ba sa gaisuwa. Mai Agogo ya yi tari ya ɗaga hannu.

"Malama, kin ga ɗakin nan da muke zaune? Mai shi yana cikin gidan nan, da ransa. Shi ya kamata ki tambaya. Mu dai mun manta kamanninsa."

Sakatare ya yi 'yar dariya ya ce Baba Mai Agogo ba ya rabo da barkwanci. Malama ta ce tana so ta gaishe da tsohon in an tashi.

Aka ce ta ɗan jira. Cikin gida aka shiga sauri. Aka goge Baba da tsumma, aka zura masa babbar riga mai guga, aka fesa turare, aka ɗauko shi aka zaunar a falo, aka rufe ƙafafunsa da bargo. Sakatare ya zauna a damansa, matarsa ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, sannu da jiki. Kana samun fita kana shan iska?"

Baba ya fara tattaro kalma.

"Yana fita tsakar gida in jikin ya yarda," in ji Sakatare.

"Abokai suna zuwa?"

"Suna zuwa, sai dai yawanci yana barci."

"Ranka ya daɗe, da shi nake. Ko za ku ba mu wuri kaɗan?"

Sakatare ya miƙe ba da son ransa ba, ya fita, amma inuwarsa tana jikin labule. Malama ta matso da kujera ta rage murya. Ta riga ta ga ƙafar da ta leƙo daga bargo, ta kuma ji warin da turare bai rufe ba.

"Baba, ni aikina ke nan. In akwai abin da ke damunka a gidan nan, gaya min. Ba sauri nake ba."

Ya daɗe yana kallonta. Rabon da wani ya ce masa ba sauri yake ba, ya manta. Idonsa ya ciko. Ya dubi labule, ya dubi hoton ɗansa a bango yana karɓar takardar yabo. In ya buɗe baki, ya san abin da zai biyo: baƙin jami'a su ji, masu tallafi su ji, unguwa ta samu abin taunawa, sunan da yaron ya gina ya zube. Wa ya haifi yaron?

"Ɗana," ya ce, kalma ɗaya bayan ɗaya, "yana ƙoƙari."

"Ba abin da kake so?"

"Yana ƙoƙari."

Da za ta tafi ta ce a nuna mata bayi. Ta ga tankin, ta ga tudun, ta ga sakatar a waje. Ta sami Sakatare a lungu ta gaya masa gaskiya ba tare da ɗaga murya ba: a cire ƙarfen nan, a dawo da tsohon kusa da ƙofa, a kira likita ya duba bayansa.

"Malama, kin fi ni sanin aikin nan a takarda," in ji shi, "amma ni ke kwana da shi. Ku kun zo na awa ɗaya. In ya faɗi ba ke za a kira ba."

Ta kai maganar gaban shugaban binciken. Ya saurare ta yana murza ido. Ya ce abin ba daɗi, amma tsohon bai yi ƙorafi da bakinsa ba, kuma Sakatare shi ne ƙofarsu ta shiga unguwar. In ya juya musu baya, dattawan nan duka sun rasa su, aikin ya tsaya. Ya ce za a sa batun kaɗaicin tsofaffi a cikin rahoto, ba tare da ambaton gida ba. Ta kai maganar ofishinsu na walwalar jama'a, aka ce motar ofis tana gareji, kuma akwai yara da aka yasar da ke gaba a layi.

Ba ta bari ba, amma ba ta yi sauri ba, don ba ita kaɗai ke da ikon lokacinta ba. Sai da aka yi watanni ta samu ta jawo likitan motsa jiki a kan babur ɗin haya. Ranar an cire sakatar, ramukan ƙusoshi kawai suka rage a jikin ƙofa. Likitan ya yaye zani, ya kama ƙafar ya gwada miƙe ta, Baba ya yi ƙara. Ya saki a hankali.

"Mutumin nan da ƙafarsa ya bar hannuna," ya ce. "Jijiyoyin sun riga sun ƙage. Za mu yi maganin gyambon. Tafiya kam, sai dai wani ikon Allah."

"Ƙaddara ce," in ji Sakatare. "Mun yi iya yinmu."

Matarsa ta juya ta koma kicin.

Rahoton ya fito, ya kuma yi amfani. Ya nuna cewa tsofaffin unguwar suna fama da zaman kaɗaici, ya ba da shawarar a buɗe musu wurin haɗuwa. Masu tallafi suka amince. Aka sake fentin ofis, aka sa rumfa a gabansa, aka jera bencina, aka sayo butar shayi babba da rediyo. Aka sa ranar buɗewa.

Ranar Sakatare ya ce a fito da Baba, ai shi ne dattijon gidan. Aka yi masa wanka, aka sa masa hula, matasa biyu suka ɗauko shi a kujera suka ajiye a sahun gaba, ƙarƙashin rumfa. Hasken rana ya soke masa ido, ya runtse. Ƙarar babura da lasifika da tafi suka taru suka faɗo masa a ka. Hannunsa mai lafiya ya ƙanƙame hannun kujera.

Mai Agogo ya matso da benci ya zauna a gefensa.

"Tela, ni ne. Ka ga yadda ka rame, kamar zaren da ka saba ja. Tela, ɗago ka gan ni mana."

Baba bai ɗago ba. Leɓɓansa suna motsi. Mai Agogo ya kai kunne, ya daɗe yana saurare, sannan ya janye a hankali, fuskarsa ta faɗi.

"Me ya ce?" in ji Sakatare, ya sunkuyo da takardar jawabinsa a hannu.

"Ya ce a mai da shi ciki."

Sakatare ya miƙe ya dubi Malama, wadda ke tsaye a bayan bencina, ya dubi dattawan da ke kusa, ya buɗe hannuwa.

"To, kun ji da kunnenku. Ni da ake ta zargi. Shi ne ba ya son fita."

Matasan suka ɗaga kujerar suka bi lungu da ita. Babu wanda ya hana, don wannan karon da bakinsa ya roƙa. Mai Agogo ya tashi ya bar lemonsa ba a buɗe ba. Malama ta tsaya har aka gama, don ita za ta rubuta yadda taron ya gudana.

Babu wanda ya taɓa dukan Baba Tela. Bai kwana da yunwa ba ko sau ɗaya, kuma maganinsa bai yanke ba. In ka tambayi unguwa za a ce maka ɗansa ya riƙe shi, in ka tambaye shi da kansa haka zai ce. Wurin haɗuwar tsofaffin yana nan yana aiki, kullum da yamma bencina cike, har daga wasu unguwanni ake zuwa koyon yadda aka yi. Matar Sakatare ce ke dafa musu shayi. In ta gama rabawa takan zuba kofi ɗaya ta kai ƙuryar gida, ta ɗaga kan tsohon ta ba shi a baki, don yanzu hannun daman ma ya daina riƙe kofi.